Gamba da Dogon Yaro: Shingen da Ya Dace da Garkarka

Malam manomi, akwai wani icce da kake yawan gani a hoton kalanda na ƙasashen Turai, mai ganye siriri kamar allura, mai tsini a sama, kore shar rani da damina. Sunansa fayin. Mai garka ko mai sabon gida yakan yi sha'awarsa, har ya nemi a sayo masa dashe. Kada ka ɓata kuɗinka. A Najeriya ana shuka shi a tudun Jos, inda akwai sanyi kuma ruwan sama ya fi milimita 1,200 a shekara. Mu nan ƙasar Madawa, Buza da Keita, in mun sami 400 zuwa 500, sai mu ce damina ta yi. Ban da wannan, saiwar fayin ba ta iya cin abinci sai da taimakon waɗansu ƙananan halittu na cikin ƙasa, dangin laimar kwaɗi, waɗanda ba kowace ƙasa ke da su ba. Akwai wani mai kama da shi, filawo, wanda aka shuka da yawa a bakin teku a Senegal don tsare rairayi. Shi ma sai inda ruwa yake kusa, kuma gara tana son dashensa.

Abin da kake nema a wurin waɗannan itatuwa, wato kyan gani, inuwa da tsare iska, yana nan a ƙasarka. Dogon yaro ne, wanda waɗansu ke kira bedi, tare da gamba.

Kada ka raina gamba don kana ganinta kullum. A Turai da Amurka ana sayar da haki cikin tukwane don ado kawai, har da hatsi mai jan ganye, wanda ya ci lambar yabo a Amurka a 2003. Gamba kuwa ta fi su, domin bayan kyaunta lokacin kaka, in ta fid da kai fari tana kaɗawa, tana ba ka zana, tana ba ka abin ɗinkin rumbu, kuma ba ta mutuwa da rani. Saiwarta tana riƙe ƙasa, tana tsiro tun ruwan fari bai sauka sosai ba. Har sunanta na Hausa ya ƙetare teku: a Ostireliya ma gamba suke ce mata. Sun kai ta can don kiwo, ta fi ƙarfinsu, yanzu yaƙi suke yi da ita saboda gobarar daji. Nan dabba da lauje ba su barinta ta yi haka, har ma ta yi ƙaranci a wurare da yawa, shi ya sa zana take tsada a kasuwa.

To, me ya sa za a haɗa icce da haki a shinge guda? Dubi abin da ya faru a kwarin Majiya. A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro a gonakin Garadume, domin iska tana kwashe ƙasa, tana binne shuka, mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. Layi bibbiyu aka yi, mita 4 tsakanin icce da icce, mita 100 tsakanin shinge da shinge. Aka sa masu gadi don hana dabbobi a shekarun fari. Da itatuwan suka girma aka auna, sai aka ga hatsin da ke bayan shinge ya fi na fili da kimanin kashi 20 cikin 100. Aikin ya ci gaba har ya kai ɗaruruwan kilomita, kuma daga baya aka shiga sassabe rassa ana samun azara da itacen wuta.

Amma dogon yaro yana da aibu guda. In ya yi tsawo, gindinsa yakan zama fili, musamman inda awaki da raƙuma suka cinye rassan ƙasa. Iska kuwa in ta sami ƙofa sai ta matsu ta wuce da ƙarfin da ya fi na da, kamar ruwa a bakin kwalbati. Shi ya sa a Majiya aka koma haɗa shi da bagaruwa a waɗansu layuka. A garka, inda wuri ba shi da yawa, gamba ce mai toshe wannan ƙofa. Icce ya tare iska ta sama, gamba ta tare ƙura da rairayi ta ƙasa, albasarka da tumatirinka su sami sauƙi, ruwan da ka ba fangali kuma ya daɗe bai bushe ba. Wanda yake jan ruwa da guga ko yake sayen man inji a kwarin Tarka ya san darajar wannan.

Iskar da ke yi mana ɓarna, ta hunturu da ta hadarin farkon damina, daga gabas ko arewa maso gabas take fitowa. Saboda haka shingenka ya tsaya a gefen gabas, ya miƙe daga arewa zuwa kudu. Shinge yakan kare fili kamar ninki goma na tsawonsa: icce mai mita 5 ya kare mita 50. Ka ga ke nan ƙaramar garka layi ɗaya ya ishe ta. Kafin ka haƙa rami a kan iyaka, je ka yi magana da maƙwabcinka, domin inuwar yamma a kan gonarsa za ta faɗi, saiwa kuma ba ta san iyaka ba. Maganar da ba a yi ba yau, ita ce shari'ar da za a kai gaban mai gari bayan shekara biyar.

Haƙa ramuka tun bazara, zurfi kamu ɗaya, faɗi kamu ɗaya, taki biyar na babban mutum tsakanin rami da rami. Zuba ruɓaɓɓen taki kaɗan ka gauraya da ƙasar sama. Ɗanyen kashin shanu yana kiran gara. Ranar 3 ga Agusta ce ranar dashen itatuwa a Nijar tun 1975, amma in damina ta zauna tun watan Yuli, kada ka jira biki: kowane mako na ruwa da dashe ya samu, guzurin rani ne. Yi dashe da maraice bayan ruwa mai kyau. Yanke gindin leda da wuƙa, tsaga gefenta, cire ta gaba ɗaya ba tare da ka fasa ƙasar ba. Danne ƙasa da ƙafa, ka bar ɗan kwano kewaye da icen don ruwa ya tsaya. In kai za ka reni dashenka, ka sani ƴaƴan dogon yaro ba su ajiyuwa. Wanke su, shanya su a inuwa, shuka su cikin ƴan makonni.

Gamba hanya biyu ce. Ana iya shuka irinta, amma iri ne mai gashi, mara nauyi, kuma da yawansa ba ya tsira. In za ka shuka, gauraya shi da rairayi mai laima, kada ka binne shi da zurfi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce rabon tushe. Nemi tsohon tushe wurin mai shi, ka haƙo rabi ka bar masa rabi, ka raba shi ƙanana, kowane da saiwa da kara uku ko huɗu. Rage ganyen ya saura kamar taƙi ɗaya. Dasa a ranar, kamu ɗaya tsakani, a layi ta gefen da iska ke fitowa, kamar mita 2 daga itatuwa, domin gamba ba ta son inuwa mai duhu. Shekarar fari ka yi mata noma, kada ka yanke ta.

A kan fako da tudun duwatsu na Keita da Buza, inda ruwa ke gudu bai shiga ƙasa ba, sai ka yi rabin wata ko tassa tukuna, ka dasa a ciki. Da irin wannan aiki na tare ruwa ne aikin raya karkara na Keita, wanda ya fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya dasa itatuwa wajen miliyan 18, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Inda ruwa ke kwanciya kuwa, jema ta fi gamba. Kusa da rijiya, mai son ƙanshi ya dasa sitironel na shayi, wanda yake buƙatar ban ruwa.

Sauran aikin tsaro ne. Akuya ɗaya tana iya gama dashen shekara a yini guda, don haka kewaye kowane icce da ƙaya har shekara biyu ko uku. In dogon yaro ya fara shan ruwan fangali, haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya tsakaninsa da shuka, ka datse saiwoyin. In lokacin sassabe rassa ya yi, tuntuɓi ma'aikacin gandun daji, kuma kada ka sassabe layin duka a shekara guda. Gamba kuma ka yanke ta da kaka bayan iri ya nuna ya zuba, ka bar taƙi ɗaya a ƙasa. Mai son ta tsare iskar hunturu sai ya yanke tushe ɗaya ya tsallake ɗaya. Share busasshen ganye daga gindinta saboda ɓera da maciji, kuma kada a hura wutar shayi kusa da ita, domin busasshiyar gamba tana ci da zafin da zai kashe icen da ke bayanta.