KASHI NA 18: Paranoid, albam ɗin da ya fito daga masana'antar ƙarfe

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda 'yan'uwanmu da data ba ta bari su saurara ba.

Bayan shirin makon jiya, inda na ɗan taɓo kiɗan hebi metal a gurguje, wani bawan Allah ya turo min saƙo ya ce: "Malam, wannan ai kiɗan matsafa ne, ihu ne kawai da baƙaƙen kaya, wane bayani kuma za ka yi mana a kai?" Wallahi ban ji haushi ba, don ni ma da haka na ɗauke shi. To amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shi ya sa yau za mu koma tushe, mu duba albam guda ɗaya da kusan duk mai wannan kiɗa yake kallo a matsayin uba. Sunansa Paranoid, na ƙungiyar Black Sabbath, ya fito a 1970.

Kafin wani ya ce bai taɓa jin su ba: in ka kalli fim ɗin Iron Man na 2008, wannan kiɗan jita mai nauyi da ya tashi a ƙarshen fim ɗin daga wannan albam aka ɗauko shi. Ka ga kenan ka san su, suna ne kawai ba ka sani ba.

To bari mu fara da garin. Birmingham, a tsakiyar Ingila, a wancan lokacin gari ne na masana'antu, hayaƙi da ƙarar injina dare da rana. A cikinsa akwai unguwar talakawa da ake kira Aston, wadda har lokacin ba ta gama farfaɗowa daga bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ba. A nan samari huɗu suka haɗu: Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jita mai kaurin murya, Bill Ward mai ganguna, sai Ozzy Osbourne mai waƙa. Shi Ozzy ya yi aiki a mayanka, ya yi a masana'anta, har gidan yari ya shiga na 'yan makonni kan laifin fasa shago. Wato dai ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne.

Yanzu ku saurari labarin Tony, don a nan maganar take.

Yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar sarrafa falankin ƙarfe. Ya samu gurbi a wata ƙungiyar mawaƙa da za ta tafi Jamus, don haka ya sanar zai ajiye aiki. Ranar ƙarshe ya koma gida cin abincin rana, ya ce shi kam ba zai koma ba. Mahaifiyarsa ta ce a'a, koma ka ƙarasa yininka kamar mutumin kirki. Ya koma. Aka sa shi a kan wani inji da bai saba da shi ba. Injin ya sauko ya guntule masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da na zobe.

Tony bahago ne. Ma'ana da hagu yake kaɗawa, da dama yake danne tsirkiya. Yatsun da yake matuƙar buƙata su suka tafi. A asibiti aka ce masa ya manta da jita.

Yana zaune a gida cikin ƙunci, sai shugabansa na wurin aiki ya zo dubiya da wani faifai, ya matsa masa sai ya saurara. Bayan ya ji, sai ya ce masa: wannan da ka ji, Django Reinhardt ne, kuma da yatsu biyu yake danne tsirkiya, don gobara ta nakasa masa sauran. Nan Tony ya ji ƙarfi ya dawo masa.

Ya ɗauko robar sabulun wanke-wanke, ya narka ta, ya mulmula, ya huda da ƙarfe mai zafi har ta zauna a kan guntayen yatsun kamar hula, ya lulluɓe ta da fatar tsohuwar riga don kada ta riƙa zamewa. Tsirkiyar jita ta yi masa tauri, sai ya haɗa da sirara na banjo. Tunda kuma ba ya jin tsirkiya a ƙarƙashin roba, dole ya rage yawan ado, ya koma ga gajerun zubi masu kauri da ake maimaitawa, ya ƙure ƙarar na'ura. Shi kuma Geezer, maimakon ya bi tasa hanya daban, sai ya riƙa taka sawun Tony, sauti biyu suka zama ɗaya. Wannan nauyin da kake ji kamar ana buga guduma a maƙera, daga nan ya fito. Daga baya, a albam ɗinsu na uku a 1971, Tony ya sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya don yatsun su huta. Duk wanda ya taɓa riƙe garaya ya san in ka sassauta tsirkiya, murya sai ta yi ƙasa. Yau dubban ƙungiyoyi haka suke ɗaure jitarsu, alhali yatsunsu lafiya lau.

To sunan fa? Da Earth ake kiran su, sai suka tarar akwai wata ƙungiya mai wannan suna. Suka ari sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963, Black Sabbath. Hikimarsu ita ce: tunda mutane na biyan kuɗi su shiga silima a tsorata su, me zai hana a yi kiɗa mai ban tsoro? A lokacin kuwa yawancin mawaƙa furanni da soyayya da zaman lafiya suke rerawa, abin da yaron Aston bai taɓa gani ta tagarsa ba.

Albam ɗinsu na farko a yini ɗaya suka naɗe shi, ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970. Wata bakwai kacal bayan haka, a Satumba, Paranoid ya biyo baya. Waƙoƙi takwas ne. Yawancin baitocin Geezer ne ya rubuta, mutumin da ya tashi a gidan 'yan Katolika masu riƙo da addini. Bari mu ga abin da suke cewa.

Ta farko, War Pigs, zagi ne kai tsaye ga janar-janar da 'yan siyasa masu ƙulla yaƙi su zauna a gida, su tura 'ya'yan talakawa su mutu. Lokacin yaƙin Vietnam na ci. An ambaci Shaiɗan a cikinta, gaskiya ne, amma a ƙarshe, wajen da aka nuna waɗannan shugabanni ranar hisabi suna neman gafara ba su samu ba.

Electric Funeral tsoron makamin nukiliya ce. Hand of Doom kuwa labarin sojojin Amurka ne da suka dawo daga Vietnam da jarabar allurar hiroyin, har ta kai su kabari. Iron Man, duk da sunan, ba ta da alaƙa da jarumin fim. Labarin wani mutum ne da ya leƙa gaba ya ga halakar duniya, a hanyar dawowa ya rikiɗe ya zama ƙarfe, ya kasa magana. Mutane suka yi ta masa dariya. Haushi ya sa ya far musu, sai ya zama shi ne halakar da ya hango. Ku ɗan tsaya ku yi tunanin wannan.

Ita kuwa waƙar Paranoid, abin dariya, cike gurbi ce. An gama aiki aka ce faifan bai cika ba, ana buƙatar kamar minti uku. Tony ya zauna ya fito da zubin, cikin ɗan lokaci aka gama. Geezer ya ce a kan ciwon damuwa ya rubuta ta, irin ƙuncin da mutum ke ciki ya rasa wanda zai faɗa wa. Wannan cike gurbin ita ta kai lamba 4 a jerin waƙoƙin Birtaniya. Da War Pigs za a kira albam ɗin, kamfani ya canza. Shi ya sa in ka duba bangon za ka ga mutum da takobi da garkuwa, hoton da ba shi da haɗi da sabon sunan ko kaɗan.

Masu sharhin kiɗa na lokacin sun yi musu kaca-kaca, amma matasa suka yi ta saye har albam ɗin ya hau lamba 1 a Birtaniya. Ba su sake hawa wannan matsayi da sabon albam ba sai a 2013, bayan shekara 43. A 2017 mujallar Rolling Stone ta sa Paranoid a saman jerin albam 100 mafi girma na hebi metal.

Yanzu in dawo kan ɗan'uwana mai saƙo. Ba zan wanke su tas ba. Sun yi wasa da hotunan tsafi don jan hankali, kamfaninsu ma ya ƙara gishiri, kuma a cikin waɗanda suka biyo bayansu akwai masu wuce gona da iri da ni kaina ba na saurara. Sannan su da suka yi waƙar gargaɗi kan ƙwaya, ƙwaya da giya suka kusa cinye su, har aka kori Ozzy daga ƙungiyar a 1979. Wanzami ba ya son jarfa. Amma in ka ce wannan albam ɗin kiran Shaiɗan ne, to ba ka duba abin da ke ciki ba. Yaƙi, ƙwaya, damuwa, shugabanni marasa tausayi: wanne ne a ciki baƙo a wurinmu?

Ba na cewa dole ka so kiɗan. Kunne kowa da nasa, kuma wanda ya guje wa kiɗa saboda addininsa ina girmama shi. Roƙona ɗaya ne: kafin ka yanke wa abu hukunci, ka san shi.

Ranar 5 ga Yuli 2025, su huɗun nan suka sake hawa dandamali tare a filin Villa Park, cikin Aston ɗin da suka taso. Ozzy a zaune ya yi waƙa saboda cutar Parkinson. Waƙar ƙarshe da suka yi ita ce Paranoid, wannan dai ta cike gurbi. Bayan kwana 17 ya rasu yana da shekara 76.

Nan za mu dakata. Wanda ya samu dama ya saurari War Pigs, ya kasa kunne ga gangunan Bill Ward, sai mu tattauna a kashi na gaba in Allah Ya kai mu.