Mihnea Turcitul, sarkin Walakiya da ya sayi sarauta sau biyu

A tarihin ƙasar Rumaniya akwai wani sarki da mutanensa suka yi wa laƙabi da Turcitul, ma'ana wanda ya koma Baturke. Sunansa Mihnea na Biyu. Ya mulki Walakiya, yankin kudancin Rumaniya ta yau inda birnin Bukares yake, daga 1577 zuwa 1583, sannan daga 1585 zuwa 1591.

A wancan zamani Walakiya tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, amma Turkawa ba su mulke ta kai tsaye ba. An bar mata addininta na Kirista da sarkinta, ita kuma tana biyan haraji duk shekara. Sai dai Sarkin Santambul ne ke tabbatar da wanda zai hau gado, kuma a ƙarshen ƙarni na 16 wannan tabbatarwa ta zama ciniki. Mai neman sarauta sai ya kai gaisuwa ga waziri da manyan fada, mafi yawa da kuɗin da ya ranto daga attajiran Santambul. In ya samu, masu binsa bashi su biyo shi gida, talakawa su biya.

An haifi Mihnea a 1564. Mahaifinsa, Alexandru na Biyu, ya rasu a 1577, aka naɗa shi yana yaro. Mahaifiyarsa Ekaterina Salvaresso, 'yar wani gida na unguwar Pera a Santambul, ita ce ta riƙe ragamar mulki. Wasiƙun da ta riƙa aika wa 'yar uwarta da ke zaune a Murano, kusa da Banis, suna nan har yau, kuma masana tarihi na dogara da su wajen sanin halin gidan. Mulkin ya yi wa jama'a nauyi, don an ƙara haraji, har da wani sabo na hatsi da ake aunawa da bokiti.

A 1583 wani ɗan sarki mai suna Petru Cercel ya ƙwace gadon. Cercel na nufin ɗan kunne, wanda ya koyo sawa a fadar Sarkin Faransa Henri na Uku, kuma jakadan Faransa ne ya tsaya masa a Santambul. Aka kori Mihnea zuwa Tarabulus ta Libiya, wadda Turkawa suka kama tun 1551. Ta wannan Tarabulus ɗin ce Mai Idris Alauma na Barno ya yi hulɗa da Sarki Murad na Uku, shi dai sarkin da ke naɗa Mihnea yana sauke shi.

Ekaterina ba ta zauna ba. Ta bi manyan fada da kuɗi har aka sauke Petru a 1585, ɗanta ya koma. Amma muddin Petru na raye, barazana ce, domin fadar Santambul na jin daɗin ajiye ɗan takara a gefe don ta matsa wa mai ci ya ƙara kuɗi. Mihnea ya biya aka kashe Petru a 1590. Cinikin bai yi riba ba: shekara guda bayan haka aka tuɓe shi.

Nan ne ya karɓi Musulunci, ya ɗauki sunan Mehmed Bey. Masana tarihi da yawa na ganin ya yi haka ne don ya tsira da ransa da dukiyarsa. Abin da ke fili shi ne farashin matakin, domin gadon Walakiya na Kirista ne, kuma al'adar da Turkawan kansu suka amince da ita ke nan. An ba shi mulkin lardin Nikopol, a gaɓar kogin Danub ta kudu, cikin Bulgariya ta yau, inda yake hangen tsohuwar ƙasarsa a ƙetaren ruwa. Ba shi ne farau ba, don Iliyas Raresh na Moldabiya ya yi haka a 1551.

Bashin da irin wannan ciniki ya tara ya fashe a hannun Mihai Viteazul, wanda ya hau gado a 1593. A watan Nuwamba na 1594 ya tara masu bin bashi a Bukares ya sa aka hallaka su, yaƙi ya ɓarke da Turkawa.

Mihnea ya rasu a Santambul a 1601. Ɗansa Radu Mihnea, wanda ya tashi Kirista, ya yi karatu a gidan ibada na Dutsen Atos da kuma Banis, daga baya ya mulki Walakiya sau huɗu, Moldabiya sau biyu.