Gyaran aksil da kayan Beljiyam a yankin Funtua da Malumfashi

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ake kwaso masara da dawa da waken soya da auduga daga gonakin kudancin jihar Katsina, motocin ɗaukar kaya ba su samun hutu a tsakanin Funtua da Bakori da Malumfashi.

A-kori-kura da Hilux da Kanta su ne ke kutsawa ƙauyuka, su fito da buhuna zuwa kasuwanni irin su Dandume. Galibinsu tsofaffi ne, kuma akan labta musu kayan da ya zarce ƙa'ida. Ɗaya daga cikin sassan da ke fara gajiya shi ne aksil na baya, wanda kan soma da ɗan kuka, ya koma gurnani, wata rana kuma haƙoransa su kakkarye a tsakiyar hanya.

Sabon kayan gyara ya yi wa yawancin masu waɗannan motoci nisa. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma sakin darajar Naira a watan Yunin shekarar, wanda ya kai Dala ɗaya daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Don haka ake komawa ga tsofaffin kayan da ake kira na Beljiyam, daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Aikin da aksil ke yi

Wannan matsala ta shafi motocin da ƙafafun baya ke turawa ne kawai. Golf da J5, waɗanda su ma suka cika tashoshin yankin, da ƙafafun gaba suke ja, saboda haka ba su da irin wannan aksil.

A motar da ke turi ta baya, ƙarfin inji na bi ta akwatin giya, ya ratsa doguwar sandar da ake kira farfela, ya isa wani ƙoƙon ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya. A cikin ƙoƙon akwai ƙaramin dunƙule mai haƙora, wato finiyon, wanda ke juya babban faifai mai haƙora, wato kirawun. Su biyun ne ke karkata juyin farfela zuwa ga tayoyi, suna rage saurinsa, suna ƙara masa ƙarfi.

Gwargwadon wannan ragi ya danganta da yawan haƙora. Idan kirawun na da haƙora 41, finiyon na da 10, sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. A tsofaffin motocin Toyota akan samu 43 da 10, wato 4.30, ko 41 da 9, wato 4.56, ko kuma 39 da 8, wato 4.88. Daga waje ƙoƙunan duk kama ɗaya suke, har ramukan notinsu kan zo daidai, kuma a nan ne mai saye ke shiga uku.

Lissafin haƙora

A ɗauka motar da aka ƙera da 4.10 an saka mata 4.88. Ƙarfin janta zai ƙaru da kimanin kashi 19 cikin ɗari, abin da zai yi wa direban da ke fito da buhuna daga cikin taɓo daɗi. Amma da ya hau kwalta zuwa Zariya, ko ya bi ta Dayi da Gwarzo zuwa Kano, injin da a da yake juyawa sau 2,500 a minti zai koma kusan 3,000 a gudu iri ɗaya. Shan mai zai ƙaru, injin kuma zai riƙa ɗaukar zafi. A tsofaffin motoci, inda agogon gudu ke karatu daga akwatin giya, zai nuna kilomita 100 alhali motar ba ta wuce 84 ba.

Idan aka yi akasin haka, aka cire 4.88 aka saka 4.10, motar za ta yi sanyin tashi da kaya, direba ya riƙa taka rabin kulochi a kan tudu, har ya ƙone shi kafin kaka ta ƙare.

Babu wanda ya fi wani kyau a cikinsu, sai dai a duba aikin da motar ta fi yi. Abin da ba shi da daɗi shi ne a canja ba tare da an sani ba. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa ba ta da zaɓi: dole lissafin baya ya zo daidai da na gaba, in ba haka ba, duk lokacin da aka saka ta a ƙafa huɗu, gaba da baya za su riƙa jayayya har wani abu ya karye.

Gano lissafin ba ya buƙatar na'ura. In ƙoƙon a buɗe yake, a ƙirga haƙoran da alli. In kuma yana jikin mota, sai a ɗaga taya ɗaya da jak, a bar ɗayar a ƙasa, a cire giya, a yi wa farfela alama, sannan a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela. Adadin da aka samu shi ne lissafin. Wannan dabara tana aiki ne ga aksil na yau da kullum, wanda ba ya kulle tayoyin biyu tare.

Me ya sa ba a raba su?

Kirawun da finiyon tagwaye ne tun daga masana'anta. Tare ake goge haƙoransu har su saba da juna, kuma kamfanoni da dama kan buga musu lamba iri ɗaya. Wanda ya sayi finiyon kaɗai, don shi ne ya karye, ya haɗa shi da tsohon kirawun ɗin motarsa, ya sayi kuka ne da kuɗinsa, ko da yawan haƙoran ya yi daidai.

Ko an samu tagwayen tare, da sauran aiki. Tazarar da ake bari tsakanin haƙoran ba ta cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita ba, wato kaurin takarda ɗaya ko biyu. Zurfin shigar finiyon ana daidaita shi ne da wasu siraran zobban ƙarfe, boris ɗinsa kuma yana da iyakar matsin da yake buƙata. Ƙwararren bakanike kan shafa wa haƙoran launi, ya juya su, ya duba inda launin ya goge. In a tsakiyar haƙori ne, an dace. In a baki ne ko a gindi, sai a sake kwancewa. Tsofaffin haƙora sun fi sababbi wuyar sha'ani, domin sun riga sun ci juna a wani zama, kuma ba su yarda da wani zaman daban. Ba kowane gareji ne ke da agogon auna wannan tazara ba, da yawa da hannu da kunne suke aiki.

Saboda haka a Hilux da Kanta, inda ƙoƙon ke fita ɗungurungum in an zare sandunan tayoyi aka kwance notinsa, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sayi ƙoƙon gaba ɗaya, kada a taɓa cikinsa. Kuɗinsa ya fi na haƙora zalla, amma ya zo da daidaiton da aka yi masa tun farko, kuma aikin yini ɗaya ne. Abin lura kawai shi ne tsagin bakin sandunan tayoyin ya dace da na sabon ƙoƙon, haka ma bakin da farfela ke ɗaurewa.

Masu a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 lamarinsu ya ɗan bambanta. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Don haka abin da za a samu a kasuwa sau da yawa daga motar da ta gama shan wuya a kan hanyoyin Najeriya aka ciro shi, kuma yana buƙatar dubawa sau biyu.

Kafin a biya kuɗi

Ba kowane kuka ne na haƙora ba. Gurnanin da ke ƙaruwa in an sha kwana yawanci boris ɗin taya ne. Ƙarar "ƙwas" lokacin tashi kan fito daga gaɓar farfela. Kukan haƙora siriri ne, yana canjawa in an taka totur ko an saki. An sha canja aksil sukutum alhali boris ɗaya ne ya mutu.

A wurin mai sayarwa, haƙoran da suka yi ƙananan ramuka, ko suka yi kaifi kamar wuƙa, ko launinsu ya koma shuɗi saboda zafi, sun gama aiki. Ya kamata a yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida, da adadin kwanakin gwaji, domin aibin aksil ba ya bayyana sai an ɗora masa kaya. Zuwa Kano ko Kaduna sau biyu a kan kaya ɗaya ya isa ya cinye rarar da aka yi tunanin samu. Ga direban da ke bin hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara kuwa, inda hare-haren 'yan bindiga suka addabi jama'a a shekarun nan, mutuwar mota bayan magariba ta wuce maganar asarar kuɗi.

Sai batun mai. Haƙoran aksil na gogar juna da matsi mai tsanani, don haka man giya mai lamba GL-5 suke buƙata, kamar 80W-90 ko 85W-140. Baƙin man inji da wasu ke zubawa don sauƙi ba ya riƙe wannan matsi. A saman aksil kuma akwai wata 'yar ƙofar shan iska. Idan ta toshe, zafi kan tura mai ta bakin sil har ya jiƙa birki. Idan kuma motar ta tsallaka rafi da damina aksil na da zafi, yakan zuƙi ruwa, man ya koma fari kamar kunu. Bayan an saka tsohon ƙoƙo, yana da kyau a zubar da man farko bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, a duba mayen ƙarfen da ke jikin notin zubarwa: ɗan laushin gari ba komai ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi alama ce a mayar wa mai kaya kayansa tun kwanakin sharaɗi ba su ƙare ba.