Jinyar Zuciya Ba Ta Ƙarewa A Ƙofar Asibiti

A shekarun 1930 da 1940, in jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe wa mutum, likitocin Turai da Amurka sukan kwantar da shi mako shida cur, ko zama ba a yarda ya yi ba. Da yawa sun tashi daga gadon nan jiki ya saki, waɗansu jini ya daskare musu a ƙafa, komawa aiki kuwa sai labari.

Cikin 1952 likitoci biyu na birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka bayyana cewa a zaunar da majiyyaci bisa kujera tun kwanakin farko ya fi kwanciyar nan alheri. A 1955 ciwon ya kama Shugaban Amurka Eisenhower. Likita Paul Dudley White ya ba da shawara ya koma bakin aiki sannu a hankali, har aka sāke zaɓensa a 1956.

Daga irin wannan aka tsara shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya. A Amurka majiyyaci yakan je asibiti sau uku a mako har mako 12, watau zuwa 36. Ana sa shi tafiya da tuƙa keke ana duban bugun zuciyarsa, a koya masa rage gishiri da kitse, da barin taba, da shan magani kan ƙa'ida. An tabbata waɗanda suka bi shirin ba su cika komawa gadon asibiti ba.

To, amma abin da ya dame mu shi ne, ko a can, da aka ƙidaya tsofaffin da suka cancanta a 2016, kimanin ɗaya cikin huɗu kaɗai suka shiga. Wani likita bai tura shi ba, wani nisa ya hana shi, wani kuɗin mota, wani kuwa shugabansa na ofis bai ba shi izini ba.

Akwai dabaru biyu da aka gwada. A Kanada an ga in aka rubuta sunan kowane majiyyaci tun kafin a sallame shi, ma'aikaciyar jinya kuma ta zauna ta yi masa bayani, masu zuwa sukan ƙaru ƙwarai. A birnin Edinbara kuwa, a 1992, aka fito da littafin da mutum zai bi a gida mako shida, ma'aikacin lafiya yana bibiyarsa. An auna an ga na gida bai gaza na asibiti ba.

Dabara ta biyun nan ta dace da ƙasarmu, inda likitocin zuciya suka taru a manyan birane. Malamai da akawuna, ku ne masu karanta wa jama'a takarda. In an sallami ɗan'uwanku, ku tambayi likita tun kafin ku fita: tafiyar minti nawa zai yi kullum, yaushe zai ƙara, wace alama ce za ta sa ya tsaya ya dawo? Ku rubuta amsar, ku riƙa raka shi. Sannu ba ta hana zuwa.