Tsere A Kan Tagwayen Kwalekwale

Da aka ba mu dogon hutu bara, mahaifina ya tura ni Legas wurin kawuna wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Kafin wannan tafiya, ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na madatsar Tiga, iyo kuwa a kududdufin unguwarmu na koya, shi ma a ɓoye. Amma kafin hutun ya ƙare sai da na shiga tseren jiragen ruwa na awa biyar. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne yadda jirgi marar inji ke zuwa inda iska ba ta so ya je, gama nan dabarar tseren take.

Kawu yana da wani abokin aiki Bayarabe wanda ya tashi a Sabon Gari, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Baba nake ce masa. Yana cikin wani kulob na masu jiragen iska a bakin gaɓa, ɗansa mai taya shi tuƙi kuwa ya tafi karatu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce nauyina ya yi daidai. Sai da Kawu ya ga rigar nan mai hana nutsewa da idonsa, kana ya yarda. Asabar huɗu na yi ina koyo.

Sunan irin wannan jirgi katamaran. Kalmar ta mutanen Tamil ce na kudancin Indiya, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure. Kwalekwale ne guda biyu sirara, an haɗa su da ƙarafa, an ɗaure tamfol a tsakaninsu don zama. Namu shi ne wanda ake kira Hobie 16, wanda wani Ba'amurke, Hobie Alter, ya ƙirƙiro wajen 1970. Tsawonsa ya ɗara mita 5 kaɗan, nauyinsa kamar kilo 145. A tsakiya an kafa sandar alminiyam mai tsawon mita 8, ita ke riƙe da ƙyallaye biyu masu kama iska, babba a baya, ƙarami a gaba. Matuƙi ke da babban, ni ke da ƙaramin.

Faɗin jirgin shi ke hana shi kifewa da wuri. Idan iska ta matsa har kwalekwale ɗaya ya soma tashi sama, sai in maƙala ƙugiyar ɗamarata a jikin wata waya da ta sauko daga sandar, in taka gefen jirgi, in kwanta a kan iska, ruwa na gudu a ƙarƙashin bayana. Ashe abin nan da Malamin kimiyya ke ta faɗa mana muna gyangyaɗi, cewa ƙaramin nauyi in ya yi nisa da madogara yakan rinjayi babba, gaskiya ne.

Ranar tsere jirage 14 muka tashi. Za mu bi mashigin ruwan da ya nufi yamma wajen Badagiri, mu kewaye wata jar ganga da aka ɗaure, mu komo. To, a watan Agusta iskar Legas daga kudu maso yamma take busowa, wato kusan daga inda muka nufa. Ba jirgin iskar da zai iya fuskantar iska kai tsaye. Ƙyallayen sai su yi ta kaɗawa kamar tuta, jirgi ya tsaya. Sai dai a karkace mata da kamar digiri 45. A nan iska na tura ƙyalle gefe, ruwa kuma na tokare jikin kwalekwale yana hana shi zamewa. Ka matse ƙwallon mangwaro mai santsi tsakanin tafukanka, ina zai nufa? Gaba zai tsere. Haka jirgin ke yi. Saboda haka akan tafi dama, a juya hagu, a sake komawa dama, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu.

Juyawar nan ita ce lagon katamaran, domin kai biyu gare shi, kuma ba shi da nauyin da zai ingiza shi. Aikina shi ne in riƙe igiyar ƙaramin ƙyalle har iska ta buge shi ta baya ta tura kan jirgin, sa'an nan in sake. A juyi na shida garaje ya sa na sake da wuri. Muka tsaya cik, har muka soma komawa da baya, jirage uku suka wuce mu. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, jira sai na ce." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya maido mu shi ne sanin ruwa. Teku takan cika ta janye sau biyu a yini saboda jan da wata ke yi mata, kowane ɗaya kamar awa shida. Lokacin nan tana janyewa, ruwan mashigin na gudu gabas, yana tura mu baya. Ruwa kuwa ya fi ƙarfin gudu a tsakiya. Sai Baba ya riƙa raɓar gaɓa, inda masunta ke kafa komarsu, muna juyi gajere-gajere. Hanyarmu ta fi wahala, hannuwana duk suka yi kanta da borori, amma muka iso gangar muna na biyar.

Komowa iska na bayanmu, jirgi ya riƙa gudu kamar ya tashi. Ni a zatona wahala ta ƙare. Ashe nan hatsarin yake, don iska na danna kan jirgin cikin ruwa, tilas mu biyu mu koma can ƙarshen baya. Wata guguwa ta zo, Baba ya yi tsawa, "Baya!" Kafin in matsa, kan ya nutse, jirgi ya kafa goshi ya tuntsura. Na sha ruwan gishiri har na tuna da Inna. Rigar ta taso da ni, na kama jirgi kamar yadda aka koya mini, gama mai sakin jirginsa a ruwa shi ake nema a rasa. Muka juya kansa wajen iska, muka hau kwalekwalen da ke ƙasa, muka ja igiya muna jingina baya da dukan nauyinmu. Sai a ja na uku sandar ta fito daga ruwa.

Na tara muka zo. Kawu na tsaye a bakin gaɓa riƙe da takalmana, bai ce kome ba sai da muka shiga mota, sa'an nan ya ce, "In mun koma gida, maganar kifewar nan ni zan faɗa wa mahaifinka, ba kai ba."