Daga Mudu Zuwa Kilogiram: Amfanin Daidaitaccen Ma'auni

A kasuwannin hatsi na ƙasashen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, mudu da tiya ne ke raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Sai dai tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba. Wani mai awo kan yi mata tozo, wani kuwa ya shafe bakinta. Bugu da ƙari, mudu cika yake aunawa, ba nauyi ba. Shi ya sa mudun masara ya fi mudun gyaɗa mai ɓawo nauyi. Haka kamu da gaba suke, domin hannun dogo ya fi na gajere tsawo.

Kimiyya ba ta lamunci irin wannan saɓani ba. A shekarar 1960 ƙasashen duniya suka amince da tsarin ma'aunai na bai-ɗaya, watau SI, wanda tushensa ya fito daga Faransa. A cikinsa ana auna tsawo da mita, nauyi da kilogiram, lokaci kuma da daƙiƙa. Tun 1983, mita ita ce tazarar da haske ke ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Kilogiram kuwa, wani curin ƙarfe da ke ajiye kusa da birnin Faris ne mizaninsa, har zuwa 2019 da aka jingina shi ga wani adadi na ɗabi'a wanda ba ya sauyawa. Nijeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970.

To, ina ruwan manomin Mairuwa da wannan? Cibiyoyin bincike irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, kan bayar da shawarar takin zamani bisa hekta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, watau kusan eka biyu da rabi. Idan manomi ya ɗauki eka a matsayin hekta, zai zuba wa masararsa kusan ninki biyu da rabi na abin da take bukata. In maganin ciyawa ne, yana iya ƙona shukar, ragowar kuma ruwan sama ya kwashe ta zuwa rafuka da madatsar ruwa ta Mairuwa.

Saboda haka, yana da kyau malamai su sa ɗalibai su kawo mudu daga gidaje daban-daban, a cika kowanne da dawa, a ɗora bisa sikeli, a rubuta nauyinsa da giram. Bambancin da za su gani shi ne darasin.