Kalmomin Dangantakar Aure na Biyu a Hausa da Sifaniyanci

Wannan maƙala za ta dubi yadda harsunan biyu ke ambaton mutanen da sabon auren uwa ko na uba ya haɗa su gida ɗaya.

Sifaniyanci yana amfani da ɗafa-ƙeya guda, wato -astro ko -astra, wadda ta samo asali daga -aster ta Latin. Daga padre (uba) aka sami padrastro, daga madre (uwa) madrastra, daga hijo (ɗa) hijastro. Ɗafin yana ɗauke da raini, domin shi ne a cikin poetastro, wato mawaƙin da bai iya waƙa ba. Padrastro ma har ila yau suna ne na 'yar fatar nan da ke ɗagowa a gefen farce tana zafi.

Hausa ba ta da irin wannan ɗafi. Harɗaɗɗun sunaye take ginawa, kamar mijin uwa da matar uba da kishiyar uwa, kuma biyun ƙarshe suna iya nufin mace ɗaya. Na farkonsu ya danganta ta da uba, na biyu kuwa ya auna ta da uwa, ya kuma shigo da kishi cikin zancen. Duk da haka, a unguwar Limawa ta Minna, kamar sauran gidajen Hausawa, yaro mai tarbiyya ba ya kiran ta da ɗayansu a gaban idonta, sai dai Umma ko Mama, ko Anti in amarya ce.

Kalmar da ta fi nauyi ita ce agola, ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji. Takwararta ta kusa ita ce entenado, daga ante natus na Latin, "wanda aka haifa tun kafin". Sai dai hijastro da entenado sun haɗa da ɗan miji, alhali Bahaushe ba ya kiran ɗan maigida agola, tunda a gidan ubansa yake.

A ganina, inda mai fassara zai fi yin hattara shi ne kan hermanastro. Kalmar tana nufin ɗan mijin uwa ko ɗan matar uba wanda babu jini tsakani, amma akan yi amfani da ita a madadin medio hermano, wanda aka haɗa uwa ko uba da shi. Malaman gado kuwa suna bambanta shaƙiƙi da li'abi da li'ummi, kowa da matsayinsa, agola kuma ba ya gadon mijin uwarsa. Wanda ya fassara hermanastro da "ɗan uba" a takardar gado ba tare da bincike ba, yana iya shigar da bare cikin magada.